Yadda ake rage kiɗan goge da aka ɗora wa tsofaffin fayafayai ba tare da an raunata muryar mawaƙi ba

A daminar bara wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, ya zo ɗakin da nake aikin sauti a Tudun Wada rungume da faifan garmaho guda ɗaya da ya naɗe a tsohuwar jarida. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, wannan mutumin na san muryarsa tun ina saurayi, daga shi sai jitarsa sai mai ganga. Ga shi a nan an cika masa waƙa da goge har ba na jin abin da yake faɗa, kuma an ce mini yanzu kwamfuta tana iya tsince su." Na ce, "Baba, za a iya ragewa, amma sai ka ba ni kwanaki." Aikin ya ɗauke ni mako biyu, kuma hanyar da na bi ita ce zan shimfiɗa a nan domin duk wanda yake da irin wannan faifai a gida.

Abin da ya dami dattijon shi ne kiɗan ɗori, wato kiɗan da ake ɗorawa a kan waƙa bayan mawaƙi da makaɗansa sun gama ɗauka sun tafi. Kamfanonin fayafayai sun yawaita yin haka a shekarun 1960 da 1970, inda sukan ɗauko tawagar masu goge irin na Turawa, manya da ƙanana, da masu busa da 'yan amshi, don waƙar ta cika kunne ta samu kasuwa. Misalin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar The Beatles ta Ingila: a watan Afrilun 1970 furodusa Phil Spector ya ɗora goge da amshi a kan waƙar "The Long and Winding Road", Paul McCartney wanda ya tsara ta bai ji daɗin haka ba, kuma sai a 2003 aka fitar da kundin Let It Be... Naked wanda babu wannan ɗorin a ciki. Haka ma kundin Catch a Fire na Bob Marley da ƙungiyarsa, wanda ya fito a 1973 bayan an ƙara masa jita da fiyano na lantarki a Landan. A 2001 aka sake fitar da shi haɗe da ainihin ɗaukar Jamaika.

Waɗancan kamfanoni suna da abin da mu ba mu da shi, wato ainihin tef mai layuka da yawa wanda kowane kayan kiɗa yake zaune a layinsa daban, ta yadda cire goge bai wuce sauke maɓalli ɗaya ba. Mu kuwa abin da yake hannunmu shi ne gaurayen da aka riga aka gama, kamar garin gero da na dawa da aka cuɗa a ƙwarya ɗaya. Manhajojin zamani suna iya ƙiyasta wane sauti ne na wane, kuma sun ƙware ƙwarai tun da Deezer, kamfanin sauraron waƙoƙi ta intanet, ta saki manhajar rarraba sauti mai suna Spleeter kyauta a 2019, har ta kai ga fasahar da kamfanin Peter Jackson mai shirya fim ya gina ta ba da damar sake gauraya kundin Revolver na The Beatles a 2022. Amma ƙiyasi ne dai, kuma duk inda ƙiyasin ya kuskure, muryar mawaƙi ce take biyan kuɗin. Saboda haka manufar da nake ba kowa shawara ya riƙe tun daga farko ita ce a janye gogen baya har mawaƙin ya fito fili, ko da za a bar ɗan inuwarsu.

Kafin a kunna kwamfuta

A fara da bincike. Waƙa ɗaya takan fito a siffofi da dama: ta ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ɗaya, ta babban faifai mai juyi 33 da sulusi, ta bugu mai sauti ɗaya da ta bugu mai sauti biyu na hagu da dama. Wani lokaci ɗorin yana cikin guda ne kawai, ko kuma an sake fitar da kundin daga baya ba tare da shi ba. Idan kundin ya taɓa fitowa a tsarin lasifika shida na DVD ko Blu-ray, a neme shi, domin a irin wannan gauraye murya takan zauna a lasifikar tsakiya, kuma sau da yawa ana tura wani kaso na goge zuwa na baya. Duk wanda ya dace da ɗaya daga cikin waɗannan ya tsallake rabin wahala.

Ɗaukar sauti daga faifai ko kaset

Wannan matakin ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne tushen komai. Fayil ɗin MP3 da aka sauko da shi daga intanet, ko wanda ya bi ta hannu goma a WhatsApp, an riga an zubar da wani ɓangare na sautinsa don a rage masa nauyi, kuma manhajar rarrabewa takan ɗauki tabon da wannan matsewar ta bari ta ƙara fito da shi. Idan akwai CD na asali, a kwafe shi kai tsaye zuwa WAV ko FLAC, wato nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da komai na sauti. Idan wani ne zai turo fayil ɗin ta waya, ya turo shi a matsayin takarda, wato "document", domin kada manhajar ta sake matse shi.

Faifan garmaho yana bukatar wanka tukuna. Ƙurar hunturu ta Kaduna tana shiga cikin siraran layukan faifai ta zauna, laimar damina kuma tana haifar da fumfuna a kansa da cikin kwalinsa. Ana wanke shi da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batirin mota, sabo wanda ba a haɗa shi da asid ba, da burushi mai taushi, ana bin zagayen layukan, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, sannan a jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin layukan bayan ya bushe. A duba allura kuma, domin allurar da ta cinye tana ɓata sauti tana kuma cin faifan.

Sautin da yake fitowa daga garmaho ƙarami ne ƙwarai, kuma an karkatar da shi da gangan tun wajen yanka faifan, an rage zurfafan sautuka an ƙara masu kaifi bisa ma'aunin RIAA, wato ƙa'idar da kamfanonin fayafayai suke bi wajen yanka faifai. Dole ya bi ta ƙaramar na'urar da take ƙarfafa shi ta daidaita shi kafin ya shiga kwamfuta. Wasu garmaho na zamani suna da ita a ciki, tsofaffin amfulifaya kuma suna da ita a ramin da aka rubuta wa "phono", wato garmaho. A ɗaure siririyar wayar ƙasa ta garmahon a jikin na'urar, in ba haka ba za a ji gurnanin wuta. Ni ba na ɗaukar sauti a kan janareta, domin bayan ƙarar da yake shigarwa, akwai garmahon da saurin juyinsa ya dogara da daidaiton wutar, kuma idan juyin ya yi rawa muryar ma za ta yi rawa. Batiri da inbata sun fi aminci. A saita manhajar ɗaukar sauti a zurfin bit 24 da ma'aunin 48 ko 96 kHz, wato sau dubu 48 ko 96 ake auna sautin a kowace daƙiƙa, a bar ƙololuwar ƙara ta tsaya wajen 6 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ƙasa da iyaka. A ma'aunin 96 kowane minti yana cin kusan megabait 35, wato kundin minti 40 zai kusa gigabait ɗaya da rabi.

Idan kaset ne, a goge kan na'urar da auduga da sifirit, sannan a juya ƙaramin sukurun da yake gefen kan a hankali ana saurare har sautin ya fi fitowa garau. Wannan fayil na farko a ajiye shi wuri biyu, kada a sake taɓa shi. Duk aikin da zai biyo baya a kan kwafi za a yi.

A kan kwafin ne za a cire ƙyas-ƙyas ɗin faifai da gurnanin wuta, wanda a Najeriya yake zaune a 50 Hz da ninkinsa, 100 da 150 (Hz shi ne ma'aunin zurfi ko kaifin sauti). Manhajar gyaran sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, tana da kayan yin duka biyun. Shuu ɗin bayan fage kuwa a bar shi tukuna ko a taɓa shi kaɗan, domin tsananta goge shi yana sa sauti ya zama kamar na ƙarfe tun kafin a fara babban aikin.

Sauraro da takarda a hannu

A saurari waƙar sau uku ko huɗu ana rubuta lokaci: daga daƙiƙa ta nawa gogen suka shigo, ina suka yi shiru, ina masu busa suka karɓa, ina 'yan amshi suka rufe murya. A faifan dattijon nan, baitin farko gaba ɗaya babu ɗori ko kaɗan, kuma wannan ya zame mini ma'auni, domin a nan na ji yadda jitar da muryar suke a ainihinsu, na san abin da nake nema a sauran baitocin.

Sannan a saurari hagu shi kaɗai, a saurari dama shi kaɗai. A fayafayai da yawa masu sauti biyu na shekarun 1960 masu gauraya sauti sukan tura kayan kiɗa gefe ɗaya ɗungurungum, kuma ana iya dacewa a tarar gogen duk suna dama, makaɗan asali suna hagu. Akwai kuma tsohuwar dabarar tsakiya da gefe: idan aka haɗa hagu da dama, abin da yake tsakiya yakan ƙarfafa, idan aka debe ɗaya daga ɗaya, abin da yake tsakiya yakan ɓace a bar na gefe. Da yake an saba baza goge a faɗin gefe biyu a bar murya da bes, wato jita mai zurfin sauti, a tsakiya, rage sashen gefe da 'yan ma'auni yakan janye su baya ba tare da an taɓa murya ba. Illarsa ita ce waƙar takan ƙuntata, kuma duk wani kayan kiɗan asali da yake gefe shi ma zai ragu. A faifai mai sauti ɗaya wannan dabarar ba ta aiki sam.

Rarrabewa da ƙirƙirarriyar basira

Manhajar da na fi dogara da ita ita ce Demucs, wadda masu bincike na kamfanin Meta suka gina suka sake ta kyauta, kuma hanya mafi sauƙi ta amfani da ita ga wanda bai saba rubuta umarni ba ita ce ta cikin Ultimate Vocal Remover, wadda ita ma kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauko da ita. Akwai na kuɗi irin su iZotope RX da SpectraLayers, akwai kuma shafuka irin su LALAL.AI da ake loda musu waƙa su rarraba, har da zaɓin ware goge da kayan busa, sai dai suna cin data kuma waƙar tana barin hannunka.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda waɗannan manhajoji suke kallon waƙa. Tsarin da aka saba yana raba ta kashi huɗu: murya, ganguna, bes, da "sauran". Babu kason goge a ciki. Goge da busa suna faɗawa cikin "sauran" tare da jita da fiyanon asali, waɗanda su ne muke so mu tsira da su. Don haka aikin hawa biyu ne. A hawa na farko a ware murya da ganguna da bes a ajiye su gefe. A hawa na biyu a yi amfani da samfurin Demucs mai kashi shida, wanda yake ƙara jita da fiyano, domin a tsamo su daga cikin "sauran". Abin da ya rage bayan haka yawancinsa ɗorin ne. Masu manhajar da kansu sun faɗa cewa kason fiyano bai kai sauran inganci ba, kuma na tabbatar da haka, saboda haka waƙar da fiyano ne ƙashin bayanta ta fi wadda take kan jita wahala nesa ba kusa ba. Demucs tana aiki ne a ma'aunin 44.1 kHz, don haka a mayar da kwafin aiki zuwa wannan ma'aunin tun kafin a fara, domin duk fayilolin su zo daidai da juna. A kwamfutar da ba ta da katin hoto mai ƙarfi kowace waƙa za ta ɗauki mintuna, kuma gara a tabbatar da caji kafin a danna.

Bayan an rarraba, a saurari kowane kashi shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Za a tarar babban goge mai zurfin murya, wanda yake sauka har wajen 65 Hz, ya leƙa cikin kason bes. Ƙaramin goge kuma, wanda yake farawa daga 196 Hz ya hau, yana zaune ne a fili ɗaya da muryar ɗan Adam, kuma idan ya ja dogon sauti yana karkarwa, manhajar takan ɗauke shi a matsayin murya. 'Yan amshi na ɗori su ma suna tafiya tare da mawaƙi a kaso ɗaya, sai an sake bi da kason ta samfurin da yake raba jagoran waƙa da masu amshi. Yana da kyau a gwada samfuri biyu ko uku a kan waƙa ɗaya, a ɗauki murya daga wanda ya fi tsabtace ta, ganguna daga wani.

Ga mai son gwada wannan a kan kiɗanmu na gida, misali tsohuwar waƙar da wani ya ɗora wa fiyano daga baya, sai ya ƙara haƙuri. An horar da waɗannan manhajoji ne galibi da waƙoƙin Turawa, kuma a gwaje-gwajena kukuma da algaita sukan tafi kason murya, kalangu kuma saboda hawa da saukar muryarsa yakan rabu tsakanin ganguna da bes. A nan sai an haɗa kasoshin da hannu ana saurare.

Debewa daga asali

Nan ne na yi kuskurena na farko a faifan dattijon. Na ɗauki murya da ganguna da bes da jita na haɗa su, na watsar da sauran, na kira shi ya saurara. Ya yi shiru har waƙar ta ƙare, sannan ya ce, "Ɗana, gogen sun tafi, amma ka tafi da numfashin mutumin." Gaskiya ya faɗa. Muryar ta zama kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa, kuma iskar ɗakin da aka yi ɗaukar a ciki, wadda take haɗa makaɗa su zama abu ɗaya, ta bi gogen ta tafi.

Hanyar da ta fi ita ce a bar waƙar asali a layinta cikakkiya, a ɗora kason ɗorin a layi na biyu daidai da ita ba tare da gocewar ko ƙwayar sauti ɗaya ba, sannan a kifar da igiyar sautin layi na biyun. Audacity da sauran manhajojin gauraya duk suna da umarnin kifarwa. Idan sauti ya haɗu da kifaffen kansa sukan kashe juna, don haka duk yadda aka ɗaga layi na biyu, haka gogen za su ragu a cikin waƙar. Idan aka sa shi a rabin ƙarfinsa, gogen sun ragu da 6 dB. Idan aka kai shi cikakken ƙarfi, sun fita iyakar abin da manhajar ta iya ganewa. Amfanin wannan hanyar biyu ne. Na farko, maɓalli ɗaya ne a hannunka, kana ɗagawa a hankali har ka ji inda murya ta fara canzawa, sai ka koma baya kaɗan ka tsaya. Na biyu, a wuraren da takardarka ta nuna babu ɗori, sai ka rufe layi na biyun gaba ɗaya, waƙar ta wuce yadda aka ɗauke ta ba tare da manhaja ta taɓa ta ba. A mafi yawan aikina ragin 9 zuwa 12 dB ya isa ya mayar da gogen can baya, inda kunne ya daina bin su.

Kafin a yi debewar, a tsaftace kason ɗorin kansa, domin duk abin da yake cikinsa shi za a cire daga waƙar. Idan ka saurare shi ka ji harafin "s" na mawaƙi, ko bugun farko na igiyar jita, ko ƙarar faranti na mai ganga, to waɗannan za su ɓace daga waƙarka. A buɗe shi a hoton sauti, wato yanayin da manhaja take nuna lokaci a kwance da kaifin sauti a tsaye. Da ɗan sabo ido yakan gane kowa: goge layuka ne dogaye a kwance, jere bisa juna, masu ɗan lanƙwasa kamar tafiyar maciji saboda karkarwar yatsa, bugun ganga layi ne a tsaye, jita da fiyano sukan fara da haske su dusashe, murya kuma takan hau ta sauka tana bin kalmomi. Sautin goge guda ɗaya a 440 Hz yana da 'ya'ya a 880 da 1320 da sama, kuma dole a ɗauke su tare. A goge duk abin da ba ɗori ba daga wannan kason. Aiki ne mai cin rai, minti ɗaya na waƙa yana iya cin awa guda, amma shi ne yake raba aikin da za a saurara sau ɗaya da wanda za a riƙa komawa gare shi. Inda goge da murya suka hau sauti ɗaya a lokaci ɗaya, a bar gogen su wuce.

Gyaran da ya rage

Bayan an janye ɗorin, wasu abubuwa biyu sukan bayyana. Ɗaya shi ne muryar takan yi ƙasa a daidai wuraren da gogen suka fi ƙarfi a da, domin na'urar matse ƙara da aka yi amfani da ita wajen gauraya ta danne komai tare a lokacin da suka kumbura. Ana gyara wannan da hannu, a ɗaga waɗannan wuraren da 1 ko 2 dB har su yi daidai da baitin da babu ɗori. Ɗayan kuma shi ne wutsiyar amon gogen takan saura tana shawagi bayan su sun tafi, musamman a ƙarshen waƙa, kuma ita ma a hoton sauti ake bin ta a rage. Waƙar za ta iya zama kamar da fili a cikinta. Ba na ba da shawarar a cike filin da sabon kiɗa, domin yin haka maimaita abin da aka zo gyarawa ne.

Sannan a gwada. A daidaita ƙarar asali da ta gyararriya su zama ɗaya, domin kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙara ko da ta fi muni. A saurara a na'urar kunne, a lasifikar waya, a rediyon mota, a kuma haɗe hagu da dama wuri ɗaya a ji ko wani abu ya ɓace. A kwana a sake ji da safe, kuma in da hali a kira wanda ya san waƙar tun da daɗewa. Da na sake kiran dattijon a mako na biyu, na bar gogen ƙasa-ƙasa a amshin ƙarshe inda suka manne da murya, bai ma ambace su ba. Ya nemi in maimaita masa baiti na biyu sau uku yana bin kalmomin da leɓensa.

Game da haƙƙin mallaka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare sautin da aka ɗauka da kuma waƙar kanta, kuma gyara sauti ba ya mayar da shi mallakar wanda ya gyara. Sayar da irin wannan aiki, ko loda shi a YouTube, ko tura shi a wayoyin mutane a kasuwa, yana bukatar izinin masu shi. A ajiye sakamakon a WAV ko FLAC, a rubuta a sunan fayil ɗin cewa gyararre ne tare da ranar da aka yi shi, domin kada wani ya same shi nan gaba ya ɗauka shi ne bugun asali. A haɗa shi a jaka ɗaya da ɗaukar farko, da kasoshin da aka rarraba, da ɗan rubutu mai bayyana manhajar da aka yi amfani da ita da yawan ragin da aka yi a kowane wuri, ta yadda idan samfurin da ya fi wannan ya fito za a iya komawa kan ɗaukar farko a sake aikin ba tare da an sake ɗora allura a kan faifan ba.